Ina kayar da kowa a tabarma, amma kowa na guduna

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 28, a cikin birnin Katsina nake, wajen Ƙofar Ƙaura. Ina da mata da ɗiya 'yar wata bakwai, kuma ni ke riƙe wa mahaifina shagon yadi a babbar kasuwa. Lokacin da nake hidimar ƙasa a Abuja na faɗa wasan jujitsu na Birazil, kokawar nan ta ƙasa da ake shaƙe wuya ko a lanƙwasa gaɓa har abokin karawa ya yi saranda. Wata goma na yi a hannun malami mai baƙar ɗamara, wato matakin ƙwararru a wasan. Da na dawo gida sai na haɗu da wani yayanmu ma'aikacin gwamnati, ya haura arba'in, shi ma ya taɓa wasan. Shi ya sayi tabarmun roba ya ba mu garejinsa, har muka kai mu takwas.

Yanzu saura mu huɗu. Ni kullum nake zuwa ban da Juma'a, daga bayan magariba har ƙarfe goma. Burina in shiga gasa, don haka nake son a yi da gaske, ba riga, a koyi murɗe ƙafa irin wanda nake gani a YouTube. Shi Yaya ya fi son a sa rigar gi, wato rigar wasan mai kauri ta auduga, a yi a hankali sau uku a sati, wai shi lafiya da kare kai suka kawo shi. Wata biyu da suka wuce na murɗe wa wani ɗalibin jami'a diddige, gwiwarsa ta kumbura, bai sake dawowa ba, abokansa biyu suka bi shi. Sati uku da suka wuce kuma wani yaro ɗan kokawa da bai fi wata huɗu da zuwa ba ya kama mini hannu. Na ji kunyar yin saranda, sai da gwiwar hannun ta yi ƙara. Har yau ba ta miƙewa sosai, da maganin ciwon jiki nake ci gaba.

A gida maiɗakina ta ce ta gaji da cin tuwo ita kaɗai. Baba ya ce, "Wai kai mi kake nema a ƙasa, namiji da gemu kana birgima?" Ga shi shekara biyu da rabi ina fama har yau farar ɗamara ta sabon shiga gare ni, har na fara tunanin in sayo shuɗiya in ɗaura abata. Akwai gasa a Legas nan da wata huɗu, ina so in ranci kuɗin tafiya daga cinikin shago in mayar daga baya. Malam, in raba gari da Yaya in buɗe nawa wurin, ko in haƙura da wasan gaba ɗaya? Ina son abin nan har cikin raina.

Wani ɗan'uwa, daga Katsina

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ba ka lafiyar hannun, ya raya 'yar jaririya. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya fi burge ni shi ne ba ka ɓoye laifinka ba. Kai da bakinka ka faɗi wanda ka murɗe, ka faɗi kunyar da ta hana ka saranda. Wanda ya iya faɗin wannan, gyaransa ba zai yi wuya ba. Amsata a taƙaice ita ce kada ka bar wasan, kada kuma ka rabu da Yaya. Hanyoyi biyun da ka kawo duk gudu ne, abin da ke damunka kuma zai bi ka duk inda ka shimfiɗa tabarma.

Bari in fara da ranar da hannunka ya yi ƙara, domin a nan komai yake. Mu nan ƙasar mun tashi da kokawar da ake gamawa da zarar jikin mutum ya taɓa ƙasa. Daga fagen ƙauye bayan kaka har zuwa gasar takobi ta Nijar da muke bi a rediyo da waya, ƙa'idar ɗaya ce: ka faɗi, an gama da kai, makaɗa su juya kiɗa wajen wanda ya kayar. Da wannan idon Baba yake kallonka, kuma ba ka lura ba, kai ma da shi kake kallon kanka. Ka koyi wasan da ake fara shi daga inda namu yake ƙarewa, wasan da mutum zai kwanta rigingine ya kama na samansa da ƙafafu ya shaƙe shi, amma zuciyarka har yanzu tana fage, tana jin kalangu, tana ganin saranda a matsayin faɗuwa gaban 'yan kallo. A garejin nan babu 'yan kallo, ƙanena. Mutum huɗu ne da fanka.

Bugun hannun nan da ake yi a jikin abokin karawa ko a tabarma don nuna saranda, shi ne ya sa wasan ya yiwu tun asali. Da shi ne mutum biyu za su iya kai juna bakin karaya ko suma sau goma a dare guda, su tashi su sha ruwa su tafi gida lafiya. Ɗan dambe ba zai iya cin cikakken naushi kullum da sunan horo ba, amma ɗan jujitsu yana iya gwada ƙarfinsa duka, saboda akwai birki. Kai ka cire birkin daga motarka, sannan kana mamakin karo. Na san labarin da 'yan wasanku ke yawan ba juna, na Helio Gracie, ɗaya daga cikin iyayen wasan, da ya ƙi saranda a hannun ɗan judo na Japan Masahiko Kimura a filin Maracana na Birazil a 1951, har sai da yayansa Carlos ya jefa tawul alamar a tsayar da wasan, shi ya sa ma ake kiran wannan kamun hannu kimura har yau. To, wancan karawa ce ta sau ɗaya gaban dubban mutane, sunan gidansu ne a kan faifai. Helio ɗin nan ya rayu har shekara 95, ya rasu a 2009, yana hawa tabarma har cikin tsufansa. Da a ce haka yake yi wa gaɓoɓinsa a kowane horo na ranar Talata, da bai kai ko rabin wannan ba.

Yaron da ya kama ka bai wulaƙanta ka ba. Ya nuna maka ƙofar da ka bari a buɗe, kyauta. Da ka buga hannu ka ce masa "sake yi mu gani," da yanzu ka toshe ta, hannunka kuma lafiya lau. Ka tuna hadisin nan da ke cikin Buhari da Muslim, cewa ba mai kayar da mutane ne mai ƙarfi ba, mai ƙarfi shi ne wanda ke mallakar kansa lokacin fushi. A kan kokawa aka buga misalin, kamar don kai.

Hannun kansa kuma, ka kai shi asibiti cikin satin nan. Gwiwar hannun da ta yi ƙara, sati uku ba ta miƙewa, ta wuce a ce targaɗe ne a shafa man zafi. Kamun da aka yi maka yana tura gwiwar ne ta wuce iyakar miƙewarta, abin da ke shan wahala kuwa jijiyoyin da ke ɗaure da ƙashi ne, wani lokaci har ɗan ɓallin ƙashi yakan fita. Likita ya duba, in ya ce hoto a yi hoto, in ya tura ka sashen gashin ƙashi ka je. In kana jin ƙaramin yatsa da na kusa da shi suna mutuwa ko kamar ana tsira maka allura, ka gaya masa, domin akwai jijiyar da ta bi ta nan. Kada ka ba mai ɗori ya ja maka kafin a san abin da ke ciki. Maganin da kake sha kafin horo shi ne ya fi tayar mini da hankali. Ciwo ɗan aike ne, kai kuma ka toshe masa baki kana ci gaba da ɓarna. Ga shi irin su diklofenak da ibufurofen in suka haɗu da jikin da ya zubar da gumi bai sha isasshen ruwa ba, ƙoda suke taɓawa. Taramol kuwa ko da wasa kada wani ya miƙo maka da sunan ƙarin ƙarfi. Jijiya ba ta warkewa da sauri kamar nama, makonni take ɗauka, wani sa'in watanni. Kafin nan ka riƙa zuwa garejin ka zauna a gefe, ka riƙe agogo, ka kalla. Za ka ga abubuwan da ba ka taɓa gani ba lokacin da kake cikin ƙura.

Sai ɗalibin nan. A wasiƙarka layi ɗaya ka ba shi, ni kuwa a wurina shi ne ya fi kowa haƙƙi a kanka. Murɗe diddige ba kamar sauran kamu ba ne. Diddigen ake riƙewa amma gwiwa ake juyawa, kuma sau da yawa jijiyar kan tsinke kafin mutum ya ji zafin da zai sa ya buga hannu. Shi ya sa babbar hukumar wasan ta duniya, IBJJF, ta daɗe da haramta shi a gasanninta. Sai a 2021 ta buɗe ƙofarsa, shi ma ga manya masu ɗamara ruwan ƙasa da baƙa kaɗai, a wasan da ba riga. Mai farar ɗamara abin da aka yarje masa a ƙafa shi ne matse idon sawu a miƙe, ba juyawa. Ka ga ke nan, ka lahanta yaron mutane da dabarar da ko a gasar da kake mafarki, in dai irin wannan ƙa'idar suke bi, korarka za a yi in ka gwada ta. Mutanen da kake gani a YouTube suna yinta yawancinsu sun shafe shekaru a tabarma, abokan horonsu kuma sun san yadda ake juyawa a bi kamun, da lokacin da ake saki tun ba a kai ga matsa ba. Ɗalibinka bai san ko ɗaya ba, amanar gwiwarsa ya ba ka.

Ka je ka same shi, ba ta waya ba. Ka tambaye shi ko ya ga likita, in bai gani ba ka kai shi, in ya kashe kuɗi ka ɗauki abin da za ka iya. Ka ce masa kai ka yi kuskure, ba tare da ka ƙara da "ai wasa ne" ko "da ka yi saranda da wuri" ba. Ba lallai ya dawo ba, kuma kada ka je da niyyar jawo shi. Amma abokansa biyu da suka bi shi ba wasan suka tsana ba, tsoronka suke ji, kuma labarin zuwanka zai isa kunnensu.

Yanzu ga Yaya. Ka ɗauka saɓaninku na riga ne da rashin riga, ni kuwa ina ganin buri ne ya bambanta, kuma haka yake a kowane ɗakin jujitsu na duniya. Wani ya zo don ya rage tumbi, wani don ya iya ƙwatar kansa, wani don ya sauke gajiyar ofis ya yi hira, wani kuma lambar yabo yake so. Masu neman lambar su ne 'yan kaɗan a ko'ina, sauran su ke biyan haya su cika tabarma. Ɗan gasa mai wayo yana lallaɓa waɗannan mutane kamar ƙwai, domin wasan nan ba a yinsa mutum ɗaya. Mai gudu zai fita shi kaɗai ya zaga filin wasa na Muhammadu Dikko, mai ɗaga ƙarfe ƙarfensa ya ishe shi, kai kuwa sai da wuyan wani da hannun wani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In ka buɗe naka wurin, da wa za ka yi? Mutum takwas ne a duk faɗin saninka suka yarda su zo, ka kori rabi.

Mutumin da ya haura arba'in, yana da iyali da aikin da zai tashi ya tafi da safe, in ya ce sau uku a sati a hankali, ba ragwanci ba ne, jikinsa ya fi naka daɗewa kafin ya murmure. Kuma kan batun riga yana da hujja mai ƙarfi. A garin da kowane namiji ke yawo da kaftani ko jallabiya mai wuya da dogon hannu, wanda ya iya kamun ƙwala da hannun riga ya koyi abin da zai yi masa amfani a waje. Gi tana rage gudun wasa, tana hana ka sulɓewa da santsin gumi, dole ka fita daga matsi da dabara. Kai ma kana da taka hujjar: wasan da ba riga ya fi kusa da kokawarmu, ya fi sauƙin kuɗi, kuma a watan Afrilu da zafin Katsina ke haura digiri 40, sa wannan bargon auduga a gareji azaba ce. Babbar gasar da ba riga ta ADCC ma, wadda Shaikh Tahnoon bin Zayed ya kafa a Abu Dhabi a 1998, cike take da mutanen da suka tashi cikin gi. To me ya hana ku raba? Da hunturu da damina kwana biyu da riga, ɗaya babu riga, da bazara ku juya. In za a cire riga a sa wando mai rufe gwiwa da riga mai kama jiki, saboda al'aura da kuma cutar fata. Tunda na ambaci fata: makero yana son tabarma mai gumi, don haka a goge ta da ruwan bilic bayan kowane horo, a wanke gi duk ranar da aka sa ta, a yanke farce, wanda ya fito da ƙurji ko zagayen makero ya zauna gida har ya warke.

Wata magana a gefe, ka isar wa Yaya tunda kare kai yake nema. In ƙauraye suka tare mutum da wuƙa a lungu suna neman waya, dabarar da ta fi kowace ita ce ya miƙa wayar. Wasanku yana da kyau wajen mallake mutum ɗaya marar makami ba tare da an fasa masa baki ba, amma kwanciya a kwalta da mutum alhali abokansa biyu na tsaye kanka, ba wayo ba ne.

Kwana shida a sati, awa uku uku, ba malami. Ka yi haƙuri in gaya maka, yawancin wannan lokacin ba koyo kake ba, kurakuranka kake tisawa har su zauna. In kullum kai ke kayarwa da dabaru biyu ko uku da ka riga ka iya, a kan mutanen da ba su kai ka ba, to gasa kake ci a ɗakin da babu kofi. Ka mayar da shi kwana uku, awa ɗaya da rabi, amma kowace rana da abin da aka zo yi. Ku ɗauki abu ɗaya na tsawon wata, misali fita daga ƙarƙashin wanda ya hau ruwan cikinka. Minti ashirin na farko ku tisa shi a hankali, kamar yadda ake tishin karatu. Daga nan a fara daga wannan matsayin da gaske: kai a ƙasa, wani a sama, minti uku, in ka fita a koma a sake. Karawa ta sake-wa-kowa ta zo a ƙarshe, zagaye uku ko huɗu na minti biyar biyar, wanda shi ne tsawon wasan mai farar ɗamara a ƙa'idar IBJJF. Kai da ka fi su, kullum ka fara daga wuri mafi muni. Ka ba su bayanka, ka bar su su hau ka, ka yi saranda sau biyar a dare ba tare da ka ɗaure fuska ba. A haka ne kaɗai mai ƙarfi ke ƙaruwa cikin waɗanda ba su kai shi ba, su kuma su sami abin da zai dawo da su jibi.

Yaron nan ɗan kokawa kuwa, Allah ne ya kawo maka shi. Yawancin 'yan jujitsu raunin da suke da shi a tsaye yake, ba su iya kayarwa ba. A gasa kayarwa maki 2 ce, wuce ƙafafun abokin karawa 3, hawa ruwan ciki ko kama baya 4, kuma wanda ya fara kayarwa ya zauna a sama yakan riƙe ragamar wasan, musamman tsakanin sababbi. Kana da wanda ya tashi yana kayar da mutane tun yana kiwo. Ka ba shi minti goma sha biyar a kowane horo ya koya muku kamun ƙugu da taɗiya, kai ka koya masa ƙasa.

Shuɗiyar ɗamara kada ka saya. Ɗamara a wasan nan shaida ce da malami ke bayarwa, kuma abin da ake fara tambayar baƙo a kowane ɗaki shi ne wa ya ɗaura maka. Matakan manya biyar ne, fara, shuɗiya, shunayya, ruwan ƙasa, baƙa, kuma abin da aka saba gani shi ne mutum ya kwashe wajen shekara goma kafin ya kai baƙa. Ko a ƙa'idar hukuma sai mutum ya yi aƙalla shekara biyu a shuɗiya, ɗaya da rabi a shunayya, ɗaya a ruwan ƙasa. Kai kuma lissafin gaskiya shi ne wata goma ka yi gaban malami, sauran duk kai kaɗai ne. Hanyar a buɗe take: ka kira malaminka na Abuja, ka gaya masa halin da kuke ciki, ka nemi garejinku ya zama ƙarƙashin kulawarsa. Ka riƙa ɗaukar karawarku a waya kana tura masa ya gyara. Duk bayan wata biyu ko uku ka je ka yi kwana biyu a wurinsa, ko ku huɗun ku haɗa kuɗin mota da masauki ku gayyato shi sau ɗaya a shekara. Ranar da ya ga ka kai, shi zai ɗaura maka, kuma ba za ka taɓa jin faɗuwar gaba in an tambaye ka ba.

Gasar Legas ta bana ka bar ta ta wuce. Hannunka bai warke ba, kuɗin ba naka ba ne. Jarin shago amanar Baba ce, "in mayar daga baya" kuma ita ce kalmar da ta rufe shaguna da yawa a kasuwar nan. Gasar masu farar ɗamara ba a komawa gida da kuɗi daga cikinta, kai ne za ka biya rajista da mota da masauki, ka yi wasan minti biyar, in an fitar da kai a zagayen farko shi ke nan. Duk da haka ban ce ka kashe burin ba, domin gasa ɗaya tana nuna wa mutum abin da wata shida a gareji ba za su nuna masa ba. Ka buɗe asusu daga naka rabon, ko ka shiga adashi, ka sa ido kan wadda za ta zo baɗi, in an samu ta Abuja ma ta fi kusa. Ka nemi ƙa'idojinta ka karanta tun da wuri, ka shiga ajin nauyin da kake a kai ba tare da ƙishirwar dole ba, don a tsarin IBJJF dab da wasan farko ake hawa sikeli. Lokaci bai ƙure maka ba. Daga shekara 30 akwai rukunin manya na daban, ka ga nan da shekara biyu ma da sa'o'inka za ka riƙa karawa.

Maiɗakinka ba jujitsu take kishi da shi ba. Ka duba ranarta: ka fita kasuwa da safe, ta wuni da jaririya, lokacin da ya rage mata da kai shi ne daga magariba zuwa barci, shi kuma ka kwashe shi kwana shida cikin bakwai ka kai gareji, ka dawo a gajiye da tulin kayan wanki masu warin gumi. Da ta ce ta gaji da cin tuwo ita kaɗai, ta sassauta maganar ne saboda kunya. Salmanul Farisi ya gaya wa Abud Darda'i cewa Ubangijinsa na da haƙƙi a kansa, ransa na da haƙƙi, iyalinsa na da haƙƙi, Manzon Allah (SAW) kuma ya gaskata shi. A kan yawan nafila aka faɗi wannan, balle kokawa. Kada ka je mata da alkawarin "zan rage." Ka je da ranaku. Ku gwada mayar da horo biyu bayan asuba, daga shida zuwa bakwai da rabi, lokacin gari da sanyi, Yaya bai tafi ofis ba, kai ba ka buɗe shago ba, na ukun kuma ya zama yammacin Asabar ko Lahadi. In safiya ba ta yiwu wa sauran ba, to dare biyu, ka dawo kafin tara, ita ta zaɓi waɗanne. Gi ɗinka kuma ka wanke abarka da hannunka, in hannun ya warke. Da azumi ku sauko zuwa tishi marar nauyi bayan tarawihi sau biyu a sati, ko ku rufe garejin a goman ƙarshe. Ba abin da zai gudu.

Baba kuwa ba a yi masa gardama. Tambayarsa tana da ma'ana a idon wanda ya san kokawa, kuma ina zargin a ƙarƙashinta akwai wata: shin yaron nan hankalinsa na kan shago? Wannan da aiki ake amsa ta, ya ga lissafi daidai, ya ga ka daina zuwa kasuwa kana hamma da hannu a naɗe. In ranar hira ta zo yana cikin nishaɗi, sai ka ba shi labarin. Ka ce masa asalin abin judo ne, wanda wani Bajafane mai suna Jigoro Kano ya kafa a 1882 (sunan ne kawai ya zo ɗaya, ba ɗan Kano ba ne), ɗalibin makarantarsa Mitsuyo Maeda ya isa Birazil a 1914, 'yan gidan Gracie suka karɓa suka mayar da ƙarfinsa ƙasa. Ka gaya masa yadda a 1993 Royce Gracie, mai nauyin kilo 80 ko kusa da haka, ya sa ƙarti uku saranda a dare guda a gasar UFC ta farko a Amurka, gasar da ake haɗa 'yan faɗa masu salo daban-daban. Ka ƙara da cewa a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a makarantun gwamnati ake koya wa yara shi. Bakatsine da ya san darajar folo tun zamanin Sarki Dikko da Sarki Usman Nagogo ba zai ce wasa na yara ne kaɗai ba. In bai gamsu ba, ka bar shi da ra'ayinsa, ka nemi albarkarsa kawai. Ba dole sai ya so wasan ba kafin ya sa maka albarka.

Abu ɗaya da zai sa in canza shawara in ce ka ajiye na ɗan lokaci shi ne in ka gwada wata biyu ka ga har yanzu ba ka iya sakin mutum da zarar ya buga hannu, ko kana tashi daga tabarma da fushin wanda ya kama ka. In haka ta faru ka huta wata uku, ka yi gudu, ka yi iyo in ka samu wuri, ka dawo da wata zuciyar. Shaƙar wuya tana tare jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa ne, cikin 'yan daƙiƙu mutum ke suma, wanda fushi ke riƙe masa hannu bai kamata a ba shi wuyan kowa ba. Amma ban ɗauka kai ne wannan mutumin ba.

Gobe ka fara da asibiti, jibi gidan su ɗalibin nan, ka tafi da 'yar lemo ko kankana. Daga nan ka samu Yaya a gidansa, ba a gareji ba, ka yi masa godiyar tabarmun da ya saya, ku zauna ku rubuta ranaku da abin da aka hana, ku manna a bango. Ka gaida Baba da maman yarinya. Bayan Sallah ka rubuto mini ka gaya mini ku nawa ne a tabarmar.